Ƙarin Jijiyoyin Jini a Ƙasusuwan Fuska: Ganewa da Tiyata, da Abin da Ya Shafi Ruwan Bago

Tsakure

Maƙalar ta duba ƙarin jijiyoyin jini da ke tsirowa cikin muƙamuƙi ko ƙashin kunci, wanda likitoci ke kira himanjiyoma. Ba sankara ba ne, ba ya yaɗuwa, amma cire haƙori ɗaya a kansa na iya zama ajali. Hujjarmu ita ce, a karkarar Rogo da Ƙaraye, ran majinyaci ya rataya ne a hannun wanda ya fara duba bakin, tun kafin a kai ga likitan tiyata.

Yanayin cutar

Wannan ƙari bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙarin ƙashi ba, kuma ya fi kama ƙashin baya da ƙoƙon kai. A fuska ya fi zama a muƙamuƙin ƙasa, mata sun fi maza samunsa. Tun 1982 Mulliken da Glowacki suka raba ƙarin gaske da gurɓatar halittar jijiya, kuma masana da yawa na ganin galibin na cikin ƙashi na rukuni na biyu ne.

Ganewa

Kumburi ne mai tauri, mai girma a hankali, sau da yawa ba zafi. A Nijeriya zato kan fara tafiya ga wani ƙarin muƙamuƙi, amilobilastoma, domin ita aka saba gani. Alamun da ke raba su ƙanana ne: dasashi ya yi shuɗi-shuɗi, jini na tsattsafowa daga gindin turmi, har a wayi gari matashin kai ya ɓaci. Wani sa'in in an danna haƙorin sai ya nutse, a saki ya dawo. Hoton ƙashi kan nuna shi kamar saƙar zuma. Siti-sikan da hoton jijiyoyi ke tabbatarwa. Ba a gutsurarsa don gwaji sai an fara zuƙa da allura. In sirinji ya cika da jan jini, a dakata.

A nan ne damuwarmu take. Mai haƙori mai girgiɗi a Ruwan Bago, cikin karkarar Rogo, wanzami ya fi kusa da shi, kumburi kuwa sakiya akan yi masa. Wanzami bai yi laifin rashin sanin cutar da likita ma kan yi shekaru bai gani ba, amma ya cancanci a koya masa abu guda: in ya cire haƙori jini ya yi tsartuwa, ya mayar da haƙorin gurbinsa, ya danne da ƙarfi, a nemi mota.

Tiyata

Ana toshe jijiyoyin da ke ciyar da ƙarin kwana ɗaya ko biyu kafin aiki. Inda babu kayan hakan, akan ɗaure babbar jijiyar wuya ta waje, ko da yake jini kan zagayo ta wasu rassa. Sai a yanke ƙarin ɗungurungum tare da gefen ƙashi mai lafiya, a cike gurbin da haƙarƙari ko ƙashin ƙugu. Aikin na buƙatar ledojin jini a ajiye da ƙwararrun tiyatar fuska, irin na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika, Zariya. Saboda haka takardar tura majinyaci daga Rogo ko Ƙaraye ta ɗauki kalmomin “ana zargin ƙarin jijiyoyin jini” ɓaro-ɓaro, kuma dangin da za su ba da jini su biyo shi a mota ɗaya.