Kwalejin da Ta Fara a Cikin Sakandare

Yau Amurka muka nufa. A 1901, a garin Joliet na jihar Illinois, ɗalibai shida suka fara karatun kwaleji a ginin makarantar sakandare. Daga nan kwalejojin gwamnati na shekara biyu suka samo asali. Sai a 1985 jihar Minnesota ta yi doka: ɗan ajin ƙarshe ko na kusa da ƙarshe a sakandare zai iya ɗaukar darussan kwaleji kyauta, a lissafa masa makin a wuraren biyu. Hukumomin makarantu suka yi ta ƙorafi, don kuɗin gwamnati ɗalibin yake bi. To amma ɗan talaka fa? Kuɗin karatun kusan shekara biyu aka sauke wa iyayensa.