Tarihin Taƙaddamar Harshe a Amurka: Ingilishi, Sifaniyanci da 'Ya'yan Baƙi

1.0 Gabatarwa

A ranar 1 ga watan Maris na shekarar 2025, shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu a kan wani umarni da ya ayyana Ingilishi a matsayin harshen hukuma na ƙasar. Ɗalibin harshe zai iya yin mamakin jin cewa sai a wannan shekara aka yi haka, alhali kuwa ƙasar ta kusa shekara 250 da samun 'yancin kai. Gaskiyar magana ita ce, tsarin mulkin da aka rubuta a 1787 bai ambaci wani harshe ba. Wannan takarda za ta bi diddigin gardamar da Amurkawa suka daɗe suna yi a kan tambayoyi guda uku: da wane harshe za a koyar da ɗan baƙo a makaranta? Da wane harshe hukuma za ta yi magana da mahaifinsa? Ina kuma matsayin koyon harsunan waje ga ɗan ƙasa wanda bai iya komai ba sai Ingilishi?

2.0 Kafin Sifaniyanci Ya Zama Abin Gardama

Sifaniyanci ya riga Ingilishi zama a ƙasar da ake kira Amurka a yau. Mutanen Sifaniya sun kafa garin San Agustin a Fulorida a 1565, wato shekara 42 kafin Turawan Ingila su kafa Jamestown a 1607. Haka kuma, bayan yaƙin Amurka da Meziko, yarjejeniyar Guwadalufe Hidalgo ta 1848 ta miƙa wa Amurka kusan rabin ƙasar Meziko tare da mutanen da ke zaune a cikinta. Waɗannan mutane ba su yi ƙaura zuwa ko'ina ba, iyaka ce aka ja ta bar su cikin wata ƙasa. Saboda haka ne tsarin mulkin Kalifoniya na 1849 ya tanadi a riƙa buga dokokin jihar da Ingilishi da Sifaniyanci. Shekara 30 bayan haka, da masu jin Ingilishi suka rinjaya, sabon tsarin mulkin jihar na 1879 ya soke wannan tanadi.

Duk da haka, harshen da ya fi tayar wa Amurkawa hankali a wancan zamani shi ne Jamusanci. Tun a 1751 Benjamin Franklin ya koka da yawan Jamusawa a Fensilbaniya, yana tsoron kada su mayar da Ingilawa Jamusawa maimakon su da kansu su koyi Ingilishi. Amma Jamusawa sun ci gaba da zuwa, suna da jaridunsu da majami'unsu da makarantunsu. A 1839 jihar Ohayo ta yi dokar da ta halatta koyarwa da Jamusanci da Ingilishi idan iyaye sun nema, sannan Luwiziyana ta yi irinta don Faransanci a 1847. Wannan sassauci bai game kowa ba. 'Ya'yan ƙabilun asali na ƙasar, waɗanda aka riƙa kaiwa makarantun kwana irin ta Carlisle da aka buɗe a 1879, hana su magana da harsunan iyayensu aka yi da ƙarfin tsiya.

3.0 Yaƙin Duniya na Ɗaya da Shari'ar Malam Meyer

Shigar Amurka yaƙi da Jamus a 1917 ta sauya komai. Jamusanci ya zama harshen abokin gaba. A 1918 gwamnan jihar Ayowa, William Harding, ya hana magana da kowane harshen waje a makaranta, da cikin jirgin ƙasa, da majami'a, har ma da wayar tarho. A 1919 jihar Nebaraska ta yi dokar da ta hana koya wa yaro harshen waje kafin ya gama aji takwas.

A watan Mayu na 1920, mai gabatar da ƙara na gundumar ya shiga wata makarantar mishan a ƙauyen Nebaraska, ya tarar da wani malami mai suna Robert Meyer yana koya wa yaro ɗan shekara 10 karatun labarin Annabi Yaƙubu da Jamusanci. Aka gurfanar da shi, aka ci shi tarar dala 25. Malamin ya ƙi yarda, ya ɗaukaka ƙara. Kotun ƙoli ta jihar ta tabbatar da hukuncin, amma a 1923 Kotun Ƙoli ta tarayya ta rushe shi, ta ce dokar ta taka 'yancin malami na koyarwa da 'yancin iyaye na zaɓar wa 'ya'yansu ilimi.

Meyer ya ci shari'a, sai dai aikin gama ya riga ya gama. A 1915 kusan kashi 24 cikin 100 na ɗaliban sakandare a Amurka suna koyon Jamusanci; zuwa 1922 ba su kai kashi 1 ba. A kudu maso yammacin ƙasar kuwa, iskar ta kaɗa 'ya'yan masu jin Sifaniyanci. Jihar Teksas ta yi doka a 1918 wadda ta mayar da koyarwa da wani harshe ban da Ingilishi laifi, kuma ba a janye ta ba sai 1969. Tsawon waɗannan shekaru, yara da yawa sun sha horo don kawai an ji su suna magana da harshen gida a filin makaranta.

4.0 Tufka da Warwara

A 1957 Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron ɗan'adam na farko, Sputnik. Amurka ta farga cewa an bar ta a baya a kimiyya, kuma 'ya'yanta ba su jin harsunan duniya. Sai majalisa ta yi dokar ilimi don tsaron ƙasa a 1958, wadda ta ware kuɗi don koyar da lissafi da kimiyya da harsunan waje. Daga wannan doka ne aka sami cibiyoyin nazarin Afirka a jami'o'in ƙasar, inda Hausa ta shiga jerin harsunan da ake koyarwa tare da Suwahili da Larabci.

A nan ne tufka da warwarar take. Gwamnati tana biyan kuɗi a koya wa ɗan jami'a Sifaniyanci daga baƙi da wasali, ita kuma makarantar firamare a Teksas tana aikin raba yaro ɗan shekara 6 da Sifaniyancin da ya sha a nono. Harshe ɗaya ne, amma a bakin ɗan gari ilimi ne, a bakin ɗan baƙo kuwa matsala ce.

5.0 Zamanin Koyarwa da Harsuna Biyu

Bayan juyin juya halin Kyuba na 1959, dubban mutane suka gudo Mayami. Da yawansu 'yan boko ne masu sa ran komawa gida, don haka suna son 'ya'yansu su riƙe Sifaniyanci. A 1963 makarantar Coral Way ta fara koyar da 'ya'yan Kyubawa da 'ya'yan masu jin Ingilishi da harsunan biyu. A 1965 aka sauya dokar shige da fice, baƙi daga Asiya da Latin Amurka suka ƙaru. A 1968 aka yi dokar koyarwa da harsuna biyu, wadda Sanata Ralph Yarborough na Teksas ya jagoranta.

Babban hukuncin wannan zamani ya zo ne ta hanyar 'ya'yan Sinawa. A birnin San Faransisko akwai yara wajen 1,800 da ba su jin Ingilishi kuma ba a ba su wani taimako na musamman. Hukumar makarantu ta ce ai ba ta nuna bambanci ba, tun da malami ɗaya da littafi ɗaya ta ba kowa. A 1974, a shari'ar Lau da Nichols, Kotun Ƙoli ta ce bai wa yaro littafin da ba ya fahimta ba daidaito ba ne. Kotun ba ta faɗi hanyar da za a bi ba, ta dai wajabta a yi wani abu. Bugu da ƙari, a 1975 aka gyara dokar zaɓe don a riƙa buga takardun ƙuri'a da wasu harsuna a inda masu jin su suke da yawa.

6.0 Masu Rajin Ingilishi Zalla

Martani bai daɗe ba. A 1980, shekarar da Kyubawa kimanin 125,000 suka iso Fulorida ta tashar Mariyel, masu zaɓe a gundumar Dade suka hana kashe kuɗin hukuma a kan wani harshe ban da Ingilishi. A 1981 Sanata S. I. Hayakawa, wanda shi kansa ɗan baƙi ne 'yan Japan da aka haifa a Kanada, ya nemi a saka Ingilishi cikin tsarin mulki. Bai yi nasara ba, amma a 1983 shi da John Tanton suka kafa ƙungiyar U.S. English, kuma sannu a hankali jihohi wajen 30 suka ayyana Ingilishi harshen hukuma.

Hujjar wannan ɓangare ita ce, ƙasar da mutanenta suka fito daga ko'ina tana buƙatar harshe ɗaya da zai ɗaure ta, kuma jinkirta wa yaro Ingilishi tauye masa abinci ne. Wannan hujja ba ta rasa tushe ba. Akwai makarantun da ba su da ƙwararrun malamai, inda yara suka yi shekaru ba su gwanance a ko ɗaya daga harsunan ba. A 1996 wasu iyaye masu aikin ɗinki a Los Anjalis, su kansu masu jin Sifaniyanci, suka janye 'ya'yansu daga makaranta suna neman a koyar da su da Ingilishi. Wani attajiri, Ron Unz, ya ɗauki maganar ya kai ta ƙuri'ar raba-gardama. A 1998 kashi 61 cikin 100 na masu zaɓe a Kalifoniya suka amince da ƙuduri mai lamba 227: a sa ɗan baƙo a ajin Ingilishi na musamman na kimanin shekara ɗaya, sannan a haɗa shi da sauran yara. Arizona ta bi sahu a 2000, Masacusets a 2002.

Masu adawa sun kafa hujja da binciken masana irin su Jim Cummins, wanda ya bambanta harshen hira da harshen karatu. Yaro yakan iya hirar yau da kullum cikin shekara biyu, amma harshen da zai rubuta jarrabawar tarihi ko kimiyya da shi yakan ɗauki shekara 5 zuwa 7. Binciken shekara biyar da jihar ta sa aka yi, wanda ya fito a 2006, bai sami tabbatacciyar shaida cewa wata hanya ta fi ɗaya ba. A 2016 masu zaɓen Kalifoniya suka warware yawancin ƙudurin da ƙuri'u fiye da kashi 70 cikin 100, Masacusets ma ta sassauta tata dokar a 2017. Abin lura shi ne, daga cikin masu neman azuzuwan harsuna biyu a wannan karo har da iyaye masu jin Ingilishi da suke son 'ya'yansu su iya Sifaniyanci.

7.0 Wane Harshe Ne Ke Cikin Haɗari?

A 2004 Samuel Huntington na jami'ar Harvard ya yi gargaɗin cewa ƙaurar mutanen Meziko za ta iya raba Amurka gida biyu, harshe biyu. Alƙaluma sun nuna yawan: ƙidayar 2020 ta sami mutane miliyan 62 'yan asalin ƙasashen da ke jin Sifaniyanci, kuma fiye da miliyan 40 suna magana da shi a gida. To amma masana ilimin walwalar harshe, tun daga Joshua Fishman, sun lura da wani tsari na zuriya uku. Kaka yana jin harshen gida da ɗan Ingilishi kaɗan, ɗa yana jin duka biyu, jika kuwa Ingilishi kawai. A 2006 Rumbaut da Massey da Bean suka gwada wannan a kudancin Kalifoniya, suka tarar cewa har a can, inda masu jin Sifaniyanci suka fi yawa, kaɗan ne daga jikoki suke iya shi sosai. Sababbin baƙi ne ke rayar da harshen. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

A ɗaya gefen, wani bincike na 2017 ya nuna cewa kusan yaro 1 cikin 5 ne kawai ke koyon harshen waje a makarantun Amurka, alhali a yawancin ƙasashen Turai akasarin ɗalibai suna koyo. A jami'o'i ma masu rajistar darussan harsuna sun ragu da kusan kashi 17 cikin 100 tsakanin 2016 da 2021.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa gardamar takan yi zafi ne a lokacin yaƙi ko lokacin da baƙi suka ƙaru, kuma harshen da ake tsoro yakan sauya: jiya Jamusanci, yau Sifaniyanci. Umarnin 2025 ya soke na Shugaba Clinton na 2000, wanda ya wajabta wa ma'aikatun tarayya taimaka wa waɗanda ba su jin Ingilishi sosai. Sai dai umarnin shugaba ba dokar majalisa ba ne, wani shugaban yana iya janye shi, kuma hukunce-hukuncen Meyer da Lau suna nan ba a rushe su ba. Jamusancin da Franklin ya ji wa tsoro a 1751 ya ɓace daga yawancin gidajen Amurka cikin zuriya kaɗan bayan 1917. Tambayar da ta rage wa makarantun ƙasar ita ce, ko za su iya koya wa ɗan baƙo Ingilishi ba tare da ya rasa harshen da zai gaisa da kakarsa da shi ba.