Batirin Ajiya a Nima da Maamobi

Da aka kammala madatsar Akosombo a 1965, an ɗauka Ghana ta rabu da duhu. Sai farin 1983 ya rage ruwan tafkin Volta sosai, aka shiga rabon wuta. Mu 'yan zango da batirin mota muka rayu.

Kawuna direban trotro ne, wato motar haya. Yakan ajiye batir na biyu ƙarƙashin kujera, ya haɗa shi da altaneta, injin na aiki batir na cika. Da magariba sai ya kwance wayar, yara su ɗauke shi zuwa tsakar gida, a jona wa rediyo da talabijin baƙi da fari. Wanda ba shi da mota sai ya kai wa mai caji batirinsa, ya jira washegari.

Lokacin dumsor, wato yawan ɗauke wuta daga 2012 zuwa 2016, faranten sola suka fara hawa rufin kwano. Yau batir ɗaya na shan rana, na shan injin. Amma don Allah ku sa kwantirola a tsakani, domin cajin da ya wuce kima yana ƙone ruwan batir.