Tarihin Adana Giyar Gida a Ƙasar Jojiya: Daga Randar Yumɓu zuwa Gorar Roba

Jojiya ƙaramar ƙasa ce a yankin duwatsun Kokesas, tsakanin Rasha da Turkiyya, kuma mafi yawan mutanenta Kiristoci ne. Haɗa giyar inabi a gida tsohuwar al'ada ce a wurinsu, musamman a lardin Kakheti na gabashin ƙasar, inda ake noma mafi yawan inabinta. A ƙauyukan wannan lardi, da kasuwannin Tbilisi babban birnin ƙasar, ana sayar da giyar gida a cikin gorunan roba waɗanda asalinsu na ruwan sha ne ko na lemo. Tun fil azal mutanen Jojiya suna da mazubi iri biyu: wanda ake tsima giya a ajiye ta a ciki, da wanda ake ɗaukar ta da shi zuwa kasuwa ko wurin biki. Tarihin al'adar ya ta'allaƙa ne a kan yadda na farko ya dawwama, na biyu kuwa ya yi ta sauyawa da zamani.

Shaida mafi daɗewa ta fito ne daga kufai biyu, Gadachrili Gora da Shulaveris Gora, kimanin kilomita 50 kudu da Tbilisi. A shekarar 2017 wata tawagar masana, cikinsu har da Patrick McGovern na Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, ta bayyana cewa ta gano sinadarin tartarik, wanda yake alamar inabi, a jikin katangun tuluna da aka tono a wurin. An ƙiyasta shekarun tulunan da kusan 6000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wato shekaru dubu takwas ke nan yumɓu yana riƙe da ruwan inabi a wannan yanki.

Daga irin waɗannan tuluna ne aka samu randar da ake kira kvevri. Siffarta kamar ta ƙwai ce, gindinta a tsuke, kuma ba ta iya tsayuwa da kanta, sai an binne ta a ƙasa har wuya. Akwai ƙanana masu cin lita ashirin ko talatin, akwai manya masu cin lita dubu biyu ko fiye. Magina suna ɗora yumɓun ne hawa-hawa, su bar kowane hawa ya sha iska kafin su ƙara wani, sannan a gasa randar kwanaki a cikin babban murhu. Tun tana da ɗumi ake shafe cikinta da kakin zuma don toshe ƙananan kafofinta. Ƙauyukan Vardisubani a Kakheti da Shrosha a lardin Imereti sun shahara da wannan sana'a, wadda ake gadonta daga uba zuwa ɗa.

Ɗakin da ake binne randunan shi ake kira marani. Idan kaka ta yi, a watannin Satumba da Oktoba, dangi sukan taru su tsinke inabi, a tattake shi a cikin dogon kwami na itace, a zuba ruwan cikin randa. A tsarin Kakheti ana haɗawa da ɓawo da ƙwallo, wani lokaci har da karan. Bayan kumfar tsimi ta lafa, sai a rufe bakin randar da faifan dutse ko katako, a liƙe da laka, a bar ta wata biyar zuwa shida. Ƙasar da ta kewaye randar tana hana zafi da sanyi yin sama da ƙasa, duhu yana kare giyar daga haske, tsukakken gindin kuma yana tara dusar a wuri ɗaya. A shekarar 2013 hukumar UNESCO ta sanya wannan hanya a jerin al'adun gado na bil'adama.

Matsalar randa ita ce ba ta tafiya. Don haka aka daɗe ana kai giya birni a cikin salkar fata. Ƙarama, ta fatar akuya ko tunkiya, ana kiranta tiki, babba kuwa ta fatar sa ko ɓauna ana kiranta rumbi, kuma a keken shanu ake ɗora ta daga kwarin Alazani na Kakheti zuwa Tbilisi. Akan shafe cikin salkar da ɗanyen mai ko kwalta don kada ta yi yoyo, abin da ke bai wa giyar wani wari da matafiyan Turai na ƙarni na 19 suka sha ambata. Mai zane Niko Pirosmani, wanda ya rasu a 1918, ya zana irin waɗannan salkuna ajiye a gefen teburan liyafa. Ba wanda ya ɗauki salka a matsayin ma'adana ta shekara. Aikinta kai kaya ne kawai, a shanye cikin ɗan lokaci.

Kwalbar gilashi ta shigo ta hannun masu sarauta. Alexander Chavchavadze, basarake kuma marubucin waƙoƙi da ya rasu a 1846, shi ake dangantawa da soma ɗura giya a kwalba bisa tsarin Turai a gidan gonarsa na Tsinandali. Sai dai kwalba da marfin toshiya kaya ne masu tsada, saboda haka talaka ya ci gaba da randarsa da salkarsa. Bayan sojojin Sobiyet sun mamaye ƙasar a 1921, gwamnati ta karɓe manyan gonaki, ta kafa masana'antu masu tankuna, ta fifita nau'o'in inabi masu yawan yabanya irin su Rkatsiteli da Saperavi, alhali ƙasar tana da nau'o'i na gida sama da 500. Duk da haka an bar wa magidanta 'yan filayen bayan gida, kuma a nan ne marani ya tsira. Ko a lokacin yaƙi da shan barasa da shugaban Sobiyet Mikhail Gorbachev ya ƙaddamar a 1985, haɗin gida bai mutu ba. A zamanin Sobiyet ɗin ne manyan kwalabe masu faɗin ciki da jarkoki suka soma ture salka.

Ita kuwa gorar roba daga nesa ta zo. Wasu masana biyu a Ingila, Whinfield da Dickson, su ne suka samar da sinadarin da ake kira PET a 1941, amma an fi amfani da shi wajen yin zare. Sai a 1973 Nathaniel Wyeth, injiniya a kamfanin DuPont na Amurka, ya yi rajistar gorar PET mai jure matsin iskar lemo, kuma kafin ƙarshen shekarun 1970 kamfanonin lemo sun rungume ta. Ta yaɗu a Jojiya bayan samun 'yancin kai a 1991, a daidai lokacin da yaƙin basasa da durƙushewar tattalin arziki suka gurgunta masana'antu. Manomi da yake da giya a randa amma ba shi da injin ɗura kwalba ya sami mazubi na kyauta, mara nauyi, wanda ba ya fashewa, mai marfin murɗawa. Takunkumin da Rasha ta ƙaƙaba wa giyar Jojiya daga 2006 zuwa 2013 ya rufe babbar kasuwar waje, inabi ya yi kwantai, cinikin cikin gida ya ƙara muhimmanci. Yadda masu zoɓo da kunun aya a ƙasar Hausa suke wanke robar ruwa su sake ɗurawa, haka manomin Kakheti yake yi da tasa hajar.

Girman buƙata ma ya taimaka. Liyafar gargajiya da ake kira supra, wadda wani jagora mai laƙabin tamada yake gudanarwa, takan tara mutane da yawa a bikin aure, suna ko zaman makoki. Mai biki yakan sayi giya ne da lita-lita daga wurin manomin da ya amince da shi, a cikin jarkoki masu cin lita biyar, goma ko ashirin. Gorar ba ta da tambari ko kwanan wata. Sunan mai ita shi ne shaida.

Amma roba tana da iyaka. Bangon PET yana barin iskar oksijin ta ratsa kaɗan-kaɗan, abin da gilashi ba ya yi. Da iskar ta shiga, launin giyar yakan dushe, ƙamshinta ya gushe, ƙwayoyin cuta masu son iska kuma su mai da ita ruwan tsami. Gora mai garai-garai ba ta tare hasken rana, zafi kuma yana hanzarta lalacewa, yana ƙara yiwuwar sinadaran robar su narke cikin abin da ke ciki. Idan tsimin bai ƙare ba, iskar da yake fitarwa takan kumbura gorar. Tsohuwar gora mai ƙarce a ciki tana da wuyar wankewa, jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi kuwa haɗari ce tsantsa. Rashin tambari kuma yana buɗe ƙofar algus, domin akan sami masu ƙara ruwa da sukari. Kamfanonin da suke sayar da giya a roba suna amfani ne da gora ta musamman mai shinge a bangonta, kuma ko ita ba a yi ta don ajiyar shekaru ba.

Tun daga shekarun 2000 kvevri ta sake samun daraja, ƙananan masu sana'a suna ɗura giyarta a kwalba suna fitarwa Turai da Amurka da Japan, magina kuma suna samun ciniki har daga ƙetare. A gidajen karkara tsarin bai canza ba: ana tsima giya a randa ko babban mazubi, a ɗebi abin da za a sha cikin kwanaki ko makonni a zuba a roba. Gorar roba ta gaji salkar fata ne a aikin dako, aikin ajiya kuwa har yanzu yana hannun yumɓu da gilashi.