Daga Akwatin Rediyo Zuwa Gidan Kwamfuta



A 'yan shekarun nan wata sana'a ta bunƙasa a tsakanin masu sha'awar na'ura a ƙasashe da dama. Sukan ɗauko tsohon akwatin rediyo, ko na garmaho, su kwashe kayan cikinsa, su dasa kwamfuta a gurbinsu. Wanda ya hango daga nesa sai ya rantse rediyon kakansa ne, alhali a ciki ana rubuta wasiƙa ana shiga intanet. Batun ya shafe mu mazauna zango, domin irin akwatunan da ake nema suna nan a ƙarƙashin gadajen iyayenmu, kuma kullum masu sayen tsofaffin ƙarafa suna zagaya unguwa da kura, suna karɓar su a kan kuɗin da bai kai na cefanen yini ba. Kafin mu sayar ko mu farke, ya kamata mu san tarihin abin da ke hannunmu.

Yawancin rediyoyin da suka shiga gidajen mutane a shekarun 1920 da 1930 suna aiki ne da ƙwayayen gilashi da ake kira bawul. Kowane bawul yana da siririyar waya a ciki wadda sai ta yi ja kafin ya fara aiki, shi ya sa tsofaffinmu ke tuna cewa idan an kunna rediyo sai an ɗan jira kafin murya ta fito. Waɗannan ƙwayaye suna fitar da zafi, suna saurin fashewa, kuma wutar da ke gudana a tsakaninsu takan kai ɗaruruwan bolt. Dole a yi musu gida mai ƙarfi wanda zai kare su daga hannu, ya kuma kare hannu daga gare su. Nan kafintoci suka samu aiki. A 1931 kamfanin Philco na Amurka ya fito da samfurinsa mai lamba 90, akwatin katako mai lanƙwasasshen kai kamar tagar majami'a, wanda har yau masu tara kayan tarihi ke rububinsa. Kafin nan, a 1907, Leo Baekeland ya ƙirƙiro wata roba mai tauri da ake kira Bakelite, wadda ba ta narkewa da zafi. Da ita kamfanin EKCO na Ingila ya zuba wani rediyo mai da'ira kamar faifai a 1934.

A nan ƙasar, lokacin ana kiranta Gwalkwas, an fara jin rediyo ranar 31 ga Yuli, 1935, zamanin Gwamna Arnold Hodson, daga tashar da aka sa wa suna ZOY a Akra. Akwatunan farko ba su kama tasha daga iska. Lasifika ce kawai a cikin katako, an ja mata waya daga tashar zuwa gidan wanda ya biya kuɗi, kuma abin da tashar ta ga dama shi za ka ji. Da tafiya ta yi tafiya aka shigo da harsunan ƙasa, Hausa na cikinsu. A wani ɓangaren Afirka kuma, a Rodeshiya ta Arewa, wato Zambiya ta yau, an yi wani abin da ya cancanci a tuna. Wani jami'in yaɗa labarai, Harry Franklin, ya nemi kamfanin da zai ƙera rediyo mai arha, kamfanin batir na Ever Ready ya amsa. A 1949 aka fito da shi a cikin gidan alminiyam mai siffar tukunyar miya, aka shafa masa shuɗin fenti, aka rufe ƙofofinsa da raga saboda ƙwari, aka sayar da shi fam 5. Har sunan tukunyar ya bi shi. Ashe sanya na'ura a mazubin da ba don ita aka tsara shi ba tsohuwar dabara ce.

Ranar 6 ga Maris, 1957 Ghana ta samu 'yanci. Mako guda bayan haka, ranar 13 ga wata, Aminu Abdullahi Malumfashi ya buɗe shirin Hausa na BBC daga Landan. Ga Bahaushen da ke zaune a Kumasi ko Nima ko Salaga, nesa da Kano da Katsina da Damagaram, akwatin nan ya zama ƙofar gida. A gabansa ake taruwa da magariba, a ji labarin duniya da harshen uwa, yara kuma su tsinci Hausar da ba a yi a kasuwa. Amma a daidai lokacin ajalin akwatin katako ya kusa. An ƙirƙiro tiransista a 1947 a ɗakunan bincike na Bell a Amurka, a 1954 aka fara sayar da rediyon aljihu na Regency TR-1, daga baya na Japan suka cika kasuwa. Tiransista ba ta zafi sosai, ƙaramin batir ya ishe ta. Sai rediyo ya koma rataye a kafaɗa, manyan akwatuna suka koma lungu, aka shimfiɗa musu ƙyalle aka ɗora kwanuka.

Ita ma kwamfuta irin wannan hanya ta biyo, domin ita da rediyo 'yan gida ɗaya ne. ENIAC, wadda aka nuna wa duniya a Amurka a 1946, tana ɗauke da bawul kusan 18,000, nauyinta kimanin tan 30, ɗaki guda ne gidanta. Da ta ƙanƙance, sai ta koma hannun kafinta kamar 'yar'uwarta. Linzamin kwamfuta na farko, wanda Douglas Engelbart da Bill English suka haɗa a 1964, ɗan akwatin katako ne mai taya biyu. A 1976 Steve Wozniak da Steve Jobs suka fara sayar da Apple I a kan dala 666.66, allo ne tsirara, babu gida babu madannai. Mai saye shi zai nemo mata mazubi, wasu suka sassaƙa na katako, wasu suka cusa ta a jakar hannu. Sai a 1981, da IBM ya fito da tasa kwamfutar ta tebur, akwatin ƙarfe mai launin madara ya zama yayi, kowane kamfani ya kwaikwaya.

Abin da ya sake buɗe wa masu hannu ƙofa shi ne daidaita ma'auni. A 1995 Intel ya tsara ma'aunin ATX, wanda ya fayyace girman uwar-allo da wuraren da za a huda don ɗaure ta. A 2001 kamfanin VIA na Taiwan ya fito da Mini-ITX, santimita 17 tsawo 17 faɗi. A 2012 aka fara sayar da Raspberry Pi, wadda ba ta wuce girman katin banki ba. Tunda an san girman allo da inda hudojinsa suke, duk akwatin da ya ɗauke shi zai iya zama gida. Tsohon rediyo kuwa ya fi dacewa, saboda dalili mai sauƙi: tun asali don zafi aka gina shi. Allon bayansa cike yake da hudojin iska, ragar lasifikar gaba kuma hanya ce da fanka za ta ja iska mai sanyi.

Masu aikin sukan fara da awo, su tabbatar uwar-allo da mai rarraba wuta za su shiga ba tare da an yanke fuskar akwatin ba. Sai su yanko farantin ƙarfe daga wata matacciyar kwamfuta su kafa a ciki, su ɗora uwar-allo a kan gajerun ƙafafu don kada ta taɓa farantin, su haɗa farantin da wayar ƙasa, domin katako ba ya yin wannan aiki. Mamurɗin ƙara murya sai ya zama makunni, allon tashoshi a sa masa ƙaramar fitila. Sai dai akwai haɗari. Kafasita takan riƙe wuta bayan an cire na'ura daga soket, wasu tsofaffin rediyoyi an ƙera su ta yadda ƙarfen cikinsu kansa zai iya ɗaukar wuta, akwai dalma a likin wayoyinsu, wasu ma an shimfiɗa musu asbestos don tare zafi, wanda ƙurarsa ke lalata huhu. Ba aikin da yaro zai yi shi kaɗai ba ne. A kai wa gogaggen mai gyaran rediyo ya kwashe cikin tukuna.

Maƙwabtanmu sun riga sun nuna cewa abin ba na Turawa kaɗai ba ne. Dabarar Jerry, wato haɗa kwamfuta daga tsofaffin sassa a cikin jarka mai lita 20, ta faro a Faransa, amma a Kwaddibuwa da wasu ƙasashen yankinmu ta samu gindin zama. A Lome, a 2013, Kodjo Afate Gnikou ya ƙera na'urar buga abubuwa masu jiki daga tarkacen kwamfuta da firinta. A gefe guda kuma mun ga Agbogbloshie, bakin tafkin Korle, inda samari, da yawansu 'yan Arewa, suka shafe shekaru suna ƙona wayoyi don fitar da tagulla, suna shaƙar baƙin hayaƙi. Majalisa ta yi dokar sarrafa irin wannan shara a 2016, hukuma ta rushe wurin a Yulin 2021, amma tsofaffin na'urori ba su daina taruwa ba. Duk akwatin da aka sake bai wa aiki, an rage wa wuta abinci.

To, wanne za a farke, wanne za a bari? Shawararmu a kasa su uku. Rediyon da ke aiki, ko wanda gyara kaɗan zai tayar, a bar shi yadda yake, domin ba a ƙera irinsa kuma. Wanda ke da tarihi a gida, misali wanda kaka ya zo da shi daga fatauci ko daga Makka, ko da ya mutu a adana shi, a rubuta sunan mai shi da shekarar da ya saya a liƙa a ciki, tun masu sani suna raye. Wanda cikinsa ya ruɓe amma katakonsa na nan, shi ne rabon matasa. A ɗauki hotonsa ciki da waje kafin a taɓa, kada a huda fuskarsa, a ajiye duk abin da aka kwance.

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. A zangunanmu akwai tsofaffin masu gyaran rediyo da aiki ya yi musu ƙaranci, akwai kafintoci, akwai kuma yara masu gyaran waya da kwamfuta. Idan dattawan unguwa suka haɗa su a rumfa ɗaya, tsoho ya koyar da sirrin wuta, yaro ya kawo ilimin zamani, akwatin da ya kawo wa iyayenmu Hausa daga nesa zai iya zama wurin da jikokinsu ke koyon rubuta ta. Duk mai irin wannan akwati a gida, muna roƙon ya ajiye mana hotonsa da labarinsa a ƙasan wannan rubutu.