Richie Benaud: Gwanin Kurket da Ya San Darajar Shiru

Richie Benaud, fitaccen ɗan wasan kurket kuma mai sharhin wasanni ɗan ƙasar Ostireliya, an haife shi a garin Penrith ranar 6 ga Oktoba, 1930. Ya rasu a birnin Sidni ranar 10 ga Afrilu, 2015, yana da shekara 84, bayan ya yi fama da sankarar fata.

Tsakanin 1952 da 1964 ya buga wa ƙasarsa wasa 63 na Test, wato manyan wasannin ƙasa da ƙasa da ake shafe kwanaki ana fafatawa. Ya fitar da masu dukan ƙwallo sau 248, ya kuma tara maki 2,201. Ya jagoranci tawagar a wasa 28, kuma ba a taɓa doke ta a jerin wasanni ba a zamanin shugabancinsa.

Sai dai al'umma ta fi saninsa da muryarsa. Ya shafe shekaru da dama yana sharhi a talabijin, a BBC da Channel 4 a Birtaniya, da kuma Channel Nine a gida. Aƙidarsa ita ce kada mai sharhi ya buɗe baki sai in zai ƙara wa mai kallo abin da idonsa bai nuna masa ba. Wannan kamun kai ya sa masu sharhi na baya suka ɗauke shi abin koyi.

Da ya rasu, gwamnatin Tony Abbott ta yi tayin yi masa jana'izar ƙasa, amma matarsa Daphne ta zaɓi a yi ta cikin iyali.