Wasiƙa daga Ingila: Tarihin Sojojin Dalma da Masu Sauya Musu Kama

 Yau tarihin wata sana'a ta mutanen ƙasar nan zan ba ku, wato ƙera ƙananan mutum-mutumin sojoji waɗanda tsawonsu bai kai tsinken ashana ba, kimanin milimita 28. Ana jera su a kan tebur, ɓangare biyu su gwabza yaƙi bisa ƙa'ida, da tef ɗin awo da 'ya'yan ludo. Kada ku ɗauka wasan yara ne, magidanta ne suka fi yin sa.

Asalin wasan daga ƙasar Purushiya ne, a Jamus ta yanzu. A 1824 wani hafsa mai suna Reisswitz ya gabatar wa manyan soja wasan koyar da dabarun yaƙi a kan taswira, sai dai 'yan ƙananan tubala ne ke wakiltar runduna. Sojojin wasa na dalma kuwa Jamusawa ne suka riƙe kasuwarsu, har 1893 lokacin da kamfanin Britains na Landan ya fito da wata dabara: a zuba narkakkiyar dalma a mazubi, a tsiyaye ta kafin cikin ya daskare, sai soja ya fito da rami a ciki. Dalma kaɗan, kuɗi kaɗan. A 1913 marubucin nan H. G. Wells ya wallafa littafin Little Wars, inda ya tsara yadda za a yi yaƙi da waɗannan sojoji da 'yar igwa mai sifirin.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Bayan Donald Featherstone ya fitar da littafinsa War Games a 1962, masu wasan sun ƙaru, amma kamfani ba ya ƙera kowace runduna da aka taɓa yi a tarihi. Wanda yake son rundunar da babu ita a kanti sai ya sayi sojojin roba masu araha na Airfix, ya yanke kan wannan ya dasa a jikin wancan da fil, ya yi masa alkyabba da yumɓun wasan yara, ya yanko tuta daga kwalin man goge baki na ƙarfe. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Daga wannan rashin ne sana'ar sauya kama ta samo tushe.

A 1975 aka kafa Games Workshop a Landan, a 1979 kuma aka buɗe Citadel Miniatures a garin Newark don zuba sojoji. Wasan Warhammer ya fito a 1983, daga baya kamfanin ya tare a Nottingham. Masu ƙirar da suka koyi aiki a can suka yi ta buɗe nasu, har garin ya zama cibiyar sana'ar.

Kayan aikinsu wani ƙullu ne mai kala biyu, rawaya da shuɗi, wanda idan aka murza su tare sai ya koma kore. Za a fara lanƙwasa waya ta zama ƙashin jiki, a ɗora ƙullun kaɗan-kaɗan, a bari kashi ɗaya ya bushe kafin a ɗora wani. Cikin awa ɗaya zuwa biyu yake fara tauri, don haka ba a nawa. Da kayan likitan haƙori ake fitar da ido da gemu da ninkin riga, ana jiƙa su da ruwa kada su manne. An zaɓi ƙullun ne saboda yana jure zafi da matsi lokacin da ake danna shi cikin roba don yin mazubi.

Cikin gwanayen akwai tagwaye, Alan da Michael Perry. A 1996 ana kwaikwayon yaƙin Crécy a Faransa igwa ta tashi da wani ɓangare na hannun daman Michael. Bai bar sana'ar ba, ya koyi ƙira da hagu. Kamfaninsu, Perry Miniatures, ya ƙera har da Ansaru na yaƙin Mahadi a Sudan.

Yanzu da yawa a kwamfuta ake zana soja, na'ura ta fitar da shi. Duk da haka wuƙa da waya da koren ƙullu ba su kwanta ba, domin har gobe abin da zai sayu kamfani ke ƙerawa. Sojojin Napoleon sun cika kanti, amma barden Sakkwato ko na Barno sai an tona. Mai son sa yakan ɗauki dokin wata runduna, ya ɗora masa lifidi da hannunsa, ya naɗa wa mahayin rawani. Ke nan tarihin da kanti ya manta, sai mai kishinsa ya zauna ya ƙera.

A gaida kowa da kowa, manya da yara. Sai wasiƙa ta gaba. Wassalam.